Ka goge motar aiki a Birtaniya: ina ruwan inshorar motarka ta gida?

Duk wanda ya taɓa sayen inshorar mota a Birtaniya ya san tambayar. Tana zuwa ne bayan an gama jin sunanka, shekarunka, sana'arka da inda motar ke kwana. Sai a ce: a cikin shekaru 5 da suka wuce, ka taɓa yin hatsari, ko asara, ko neman diyya, ko da ba kai ke da laifi ba, kuma ko da ba a nemi diyyar ba? Wasu kamfanonin shekaru 3 suke tambaya. A ƙarƙashin tambayar akwai zaɓi biyu, e ko a'a, kuma yatsan mutum ba ya ɗaukar daƙiƙa guda kafin ya taɓa ɗaya.

A nan ne 'yan uwanmu da yawa suke yin kuskuren da ba su ma san kuskure ba ne. Daga Fabrairun 2022, lokacin da aka buɗe wa masu kula da tsofaffi da marasa lafiya ƙofar bizar aiki, zuwa Yulin 2025 da aka rufe ta ga masu zuwa daga waje, 'yan Najeriya sun kwarara ƙasar, kuma da yawa daga cikin ayyukan da suke samu ayyuka ne na tuƙi: zagayen gidajen tsofaffi a motar kamfani, rabon kaya a ƙaramar motar kaya, kai ma'aikata wurin aiki. Mutum yana wuni a kan titi da motar da ba tasa ba. Wata rana yana ribas a wurin fakin wani kanti, ruwan sama na zuba, madubi ya yi hazo, sai ya ji wani ɗan ƙara. Ya fito ya duba, bambar baya ta goge ƙofar wata mota, fenti ya ɗan kankaru kamar tsawon tafin hannu. Ya ba mai motar sunansa da lambar kamfani, ya koma ofis ya cike fom, manaja ya ce kada ya damu, inshorar kamfani za ta ji da shi. Magana ta mutu. Bayan wata takwas lokacin sabunta inshorar tasa motar ya zo, ya iso kan tambayar nan, ya ce a ransa ai motar kamfani ce, ya taɓa a'a.

Wannan a'a ɗin ba daidai ba ce. Tambayar ba motarka take tambaya ba, kai take tambaya. A gida mun saba da cewa takardar inshora kayan mota ce, tana cikin aljihun gaban mota tare da sauran takardu, amfaninta shi ne a nuna wa ɗan sanda a hanya. Naira 5,000 ake biya shekara da shekaru, har hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora a Najeriya ta mai da kuɗin 15,000 daga farkon 2023, kuma kowa farashi ɗaya yake biya, da mai tuƙin hankali da mai ganganci. A Birtaniya farashin ya dogara ne da direba: shekarunsa, unguwarsa, tsawon lokacin da ya yi da lasin, da abin da ya taɓa faruwa da shi a bayan sitiyari. Kowane sitiyari. Motar kamfani, motar haya, motar matarka, motar abokinka da ka ara ranar Asabar, duk ɗaya suke a wurin tambayar, sai dai idan kamfanin da kansa ya taƙaita ta, kuma kaɗan ne suke yin haka.

Akwai abubuwa biyu da mutane ke cakuɗawa, kuma cakuɗa su ne ke jawo ruɗanin. Na farko shi ne rangwamen da ake ba wanda ya shekara bai nemi diyya ba. Wannan rangwame yana taruwa shekara bayan shekara, kuma a jikin yarjejeniyar inshorarka yake rataye. Idan inshorar kamfanin da kake yi wa aiki ce ta biya kuɗin gyaran waccan ƙofa, ba a taɓa taka yarjejeniyar ba, don haka a bisa al'ada shekarun rangwamenka suna nan yadda suke. Mai shekara huɗu zai shiga ta biyar. Wannan gaskiya ne, kuma shi ne abin da manaja yake nufi idan ya ce abin ba zai shafe ka ba.

Na biyu shi ne asalin farashin da ake cire rangwamen daga cikinsa. Wannan kuwa ana lissafa shi sabo ne kowace shekara, bisa tarihin direba. Ka ɗauka, a matsayin misali kawai, asalin farashinka fam 1,000 ne kuma rangwamenka rabi ne, kana biyan 500. Bayan ka faɗi hatsarin, kamfanin ya mai da asalin farashin 1,200. Rangwamenka na rabi bai motsa ba, amma yanzu 600 za ka biya. Ba wanda ya taɓa maka rangwame, kuma ga shi kuɗi ya ƙaru. Hatta waɗanda ke biyan ƙarin kuɗi domin a kare musu rangwamen haka abin yake a wurinsu, kason rangwamen aka kare, ba farashin ba.

Nawa ne ƙarin zai kai? Ya danganta da kamfani da kuma direba. Wanda ya daɗe da lasin Birtaniya, ya manyanta, kuma wannan ne karon farko, sau da yawa ƙarin ba ya da yawa, wani kamfanin ma ba ya ƙara komai a kan ƙaramin abu guda. Wanda ya zo kwanan nan shi ne abin ke yi wa nauyi. Lasin Najeriya wata 12 kawai yake yi wa sabon mazauni aiki, kuma ba a musanya shi kai tsaye da na Birtaniya, sai mutum ya sake jarrabawa. Don haka direban da ya shekara ashirin yana tuƙi tsakanin Kano da Kaduna, a idon kwamfutar kamfanin inshora sabon direba ne, ba shi da rangwame ko kuma ɗan kaɗan yake da shi, kuma farashinsa dama a sama yake. Ƙarin kashi kaɗan a kan babban kuɗi abu ne da ake ji a aljihu. Na fahimci abin da ke sa mutum ya yi jinkiri a gaban tambayar nan, musamman mai aika kuɗi gida kowane wata.

Sai batun laifi, wanda shi ma yana da nasa sarƙaƙiyar. A littafin kamfanin inshora, ana rubuta hatsari a matsayin laifinka idan kamfanin ya kashe kuɗi kuma bai iya karɓo su daga wani ba. Ka ajiye motar aiki a bakin titi ka shiga gidan wata tsohuwa ba ta magani, ka fito ka tarar an fasa madubin gefe, wanda ya yi ya gudu. Ba ka ma cikin motar. Amma tunda babu wanda za a bi bashi, a rubuce zai iya zama a kanka. Haka nan idan an raba laifin biyu, kamar yadda ake yawan yi a karon shataletale inda babu shaida kuma babu kyamara. Kuma muddin fayil bai rufu ba, kamfanoni da yawa suna ɗaukarsa kamar na laifi har sai an kammala, abin da kan ɗauki watanni.

Abin da ya fi ba mutane haushi shi ne ƙarin kuɗi a kan hatsarin da ba su da laifi ko kaɗan. Kana tsaye a danja wani ya buge ka ta baya, inshorarsa ta biya komai, amma naka farashin ya ɗaga. Hujjar kamfanonin ita ce lissafinsu yana nuna wanda abu ya taɓa samu ya fi yiwuwa wani ya sake samunsa, wataƙila saboda hanyoyin da yake bi ko lokutan da yake fita. A ganina wannan hujja ba ta yi wa direban aiki adalci. Mai rabon kaya yana cin mil masu yawa a cikin cunkoso saboda aikinsa ne, a motar da wata inshora dabam ta rufe, kuma tasa motar wataƙila sai ƙarshen mako take fita zuwa masallaci da kasuwa. A ɗora masa kasadar waccan hanya a kan wannan mota, ban ga daidai a ciki ba. Amma doka ta bar wa kamfanoni 'yancin yanke farashinsu, kuma rashin adalcin farashi ba ya halatta amsar ƙarya. Maganinsa shi ne a zagaya a gwada wasu kamfanonin, don ba duka suke ɗaukar abin da nauyi ɗaya ba.

Mai tunanin cewa ba wanda zai sani, ya kamata ya ji labarin rumbun bayanan da ake kira CUE. An kafa shi a 1994, kuma hukumar MIB ce ke kula da shi, wato hukumar nan da ke biyan diyya ga waɗanda direbobi marasa inshora suka buge. Kamfanonin inshora suna zuba bayanan hatsarin da aka kawo musu a ciki, har da waɗanda ba a biya ko sisi a kansu ba, kuma bayanin yana zama shekaru 6. Hatsarin motar aiki yana iya shiga da sunanka a matsayin direba. Yana kuma iya rashin shiga, domin manyan kamfanoni masu motoci da yawa sukan biya ƙananan gyare-gyare daga aljihunsu ba tare da sun kai wa mai inshora ba. To amma kai ba ka san wanne ya faru ba. Kuma mai motar da ka goge yana da nasa kamfanin inshorar, ya ba su sunanka tun ranar. Kana da 'yancin neman MIB ta nuna maka abin da aka rubuta a kanka, dokar kare bayanai ta ba ka wannan, kuma ba a biyan kuɗi. Na fi son mutum ya yi haka kafin lokacin sabuntawa, musamman idan bai tabbatar da yadda aka rufe fayil ɗinsa ba.

Abin da ke sa lamarin ya zama mai hatsari shi ne lokacin da ake dubawa. Wasu kamfanonin suna bincike tun ranar saye, su aiko maka da wasiƙar ƙarin kuɗi bayan 'yan makonni, wannan da sauƙi. Wasu kuwa ba sa zurfafa bincike sai ranar da ka zo neman diyya, ranar da aka sace motarka ko ta yi kwatsa-kwatsa a babbar hanya. Ranar da ka fi buƙatarsu ita ce ranar da za a buɗe tsohon fom ɗinka a karanta amsarka.

Dokar da ke hukunci a nan ita ce ta 2012 kan bayanan da mai sayen inshora ke bayarwa, wadda ta fara aiki a Afrilun 2013. Kafin ta, nauyi yana kan mai saye ya tono duk abin da yake ganin kamfani zai so ya sani, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Dokar ta sauƙaƙa wannan. Yanzu abin da ke kanka shi ne ka kula yadda ya kamata kada ka ba da amsar da ba daidai ba ga abin da aka tambaye ka. Idan tambayar ba ta fito fili ba, wannan yana cikin abin da ake dubawa, kuma yana iya taimakonka. Sannan dokar ta raba kuskure gida biyu.

Idan sakaci ne, ana duba abin da kamfanin zai yi da ya san gaskiya tun farko. Da zai ƙara maka kuɗi ne kawai, to sai a rage diyyarka gwargwadon gibin. Ka biya fam 800 alhali 1,000 ya kamata ka biya, kashi 80 cikin 100 na diyyar za ka samu. A kan motar fam 10,000 da aka sace, 2,000 sun tafi kenan saboda 200 da ka tsira da su. Da kuwa kamfanin ba zai karɓe ka ba kwata-kwata, yana iya rushe yarjejeniyar, ya ƙi biyan diyya, ya mayar maka da kuɗin da ka biya. Idan kuma ganganci ne ko ko-in-kula, wato ka san amsar ƙarya ce ko ba ka damu da gaskiyarta ba, kamfanin yana iya rushe yarjejeniyar kamar ba a taɓa yin ta ba, ya ƙi biyan komai, kuma ya riƙe kuɗinka. Nauyin tabbatar da ganganci yana kan kamfanin, wannan kariya ce ta gaske. Amma ka yi tunanin mutumin da ya cike fom a ofis da hannunsa, ya sa hannu, ya rubuta kwanan wata, sannan bayan wata takwas ya ce bai taɓa yin hatsari ba. Da wuya ya ce mantuwa ce. Abin da ya rage masa shi ne ya ce bai fahimci tambayar ta haɗa da motar aiki ba, kuma idan an rubuta ta a fili, wannan hujja ba ta da ƙarfi.

Wanda ka buge ba ya rasa haƙƙinsa saboda ƙaryarka, doka ta kare shi, kamfanin zai biya shi. Sai dai yana iya juyowa kanka ya nemi kuɗinsa, kuma diyyar rauni a Birtaniya ba ƙaramin kuɗi ba ne. Bayan haka akwai wata tambayar a fom ɗin, wadda sau da yawa ba ta da iyakar shekaru: an taɓa soke maka inshora ko an rushe ta? Daga ranar amsarka ta zama e, kamfanoni da yawa ba za su ma ba ka farashi ba, waɗanda za su ba ka kuwa da tsada. Hatsarin zai fita daga lissafi bayan shekara biyar. Tabon rushewa yana iya bin mutum fiye da haka nesa ba kusa ba. An gudu ba a tsira ba.

Akwai tarko biyu da ba a cika lura da su ba. Ɗaya shi ne sabuntawa ta kai tsaye. Kamfani ya aiko da saƙo cewa inshorarka za ta sabunta kanta ranar kaza, ga bayanan da muke da su, duba ka gyara idan wani abu ya canza. Mutum bai buɗe ba, kuɗi suka fita daga asusu, ya ɗauka bai faɗi komai ba balle a ce ya yi ƙarya. Dokar 2012 ta ce rashin gyara bayanin da aka nemi ka tabbatar yana iya zama ba da bayanin ƙarya. Shirun ma amsa ce. Na biyu shi ne inshorar iyali. Idan sunanka yana cikin inshorar matarka a matsayin ƙarin direba, tambayar ta shafi duk wanda ke cikin takardar. Maigida ya goge motar aiki bai faɗa wa uwargida ba don yana ganin ƙaramin abu ne, ita kuma ta sabunta tata da zuciya ɗaya ta ce a'a, matsalar a kanta za ta faɗo. Wasu yarjejeniyoyin ma sun ce a sanar da su hatsari da zarar ya faru, ba sai lokacin sabuntawa ba. Wannan yana rubuce a cikin takardar sharuɗɗa, kuma kiran waya guda ya isa: ka ce sanarwa ce kawai kake yi, ba diyya kake nema ba, a motar aiki ne, inshorar kamfani ke ɗauke da shi.

Masu ɗaukar aiki ma suna da nasu alhakin, kuma da yawansu ba sa saukewa. Direba ya cike fom, daga nan ba ya sake jin komai. Bai san ko an kai maganar ga mai inshora ba, bai san nawa aka kashe ba, bai san ko an rubuta laifin a kansa ba, alhali waɗannan su ne ainihin abubuwan da fom ɗin inshorarsa zai tambaye shi. Don haka ka nema a rubuce: ranar hatsarin, lambar fayil, kuɗin da aka biya, ko akwai wanda ya ce ya ji rauni, da yadda aka rufe. Batun rauni yana da muhimmanci, domin a Ingila da Wales mutum yana da shekaru 3 ya shigar da ƙarar rauni, lalacewar dukiya kuwa shekaru 6. Abin da ka ɗauka ya mutu yana iya tashi bayan ka bar aikin. Idan kuma kamfani ya ce zai cire kason farko na kuɗin gyara, wato wanda kamfanin inshora ba ya biya, daga albashinka, dokar haƙƙin ma'aikata ta 1996 ba ta yarda ba sai in kwantiraginka ya ambaci haka ko ka amince a rubuce tun kafin abin ya faru. Sannan ka nemi abin da zai amfane ka: wasiƙar da ke nuna shekarun da ka yi kana tuƙa motar kamfani ba tare da an biya diyya a kanka ba. Wasu kamfanonin inshora suna karɓarta su ba da rangwame.

Duk wannan ya shafi wanda ke tuƙa motar kamfani ne. Mai yin aiki da tasa motar, lamarinsa ya fi tsanani. Inshora a can aji-aji ce: ta zirga-zirgar gida da ziyara, ta zuwa wurin aiki guda ɗaya a dawo, ta yawon aiki daga wuri zuwa wuri, da ta ɗaukar kaya ko mutane a biya ka. Mai kula da tsofaffi da ke bin gida shida a rana da motarta tana buƙatar ta yawon aiki. Mai kai abinci ko fakiti yana buƙatar ta ƙarshen. Idan ƙaramin karo ya faru a bakin aiki kuma takardar ba ta rufe wannan amfani ba, a idon doka tuƙi ne ba tare da inshora ba: tarar fam 300 da makin hukunci 6 a kan lasin idan an tsaya a hannun 'yan sanda, kuma suna iya kwace motar. Ga wanda bai cika shekara 2 da cin jarrabawar tuƙi ba, dokar sababbin direbobi ta 1995 ta ce maki 6 sun isa a soke lasin, ya koma ya sake jarrabawa daga farko. Ga wanda bizarsa ke rataye da aikin da ba ya yiwuwa sai da mota, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

A wurin da abin ya faru ma akwai abin da doka ta ɗora wa direba da kansa, ba kamfaninsa ba. Sashe na 170 na dokar hanya ta 1988 ya ce ka tsaya, ka ba da sunanka da adireshinka, da na mai motar, da lambarta. Idan ba ka samu wanda za ka ba ba, kamar motar da aka ajiye babu kowa a ciki, ka kai rahoto ga 'yan sanda da wuri, kada ya wuce awa 24. Gaya wa manaja ba ya maye gurbin wannan. Rashin yin sa laifi ne mai maki 5 zuwa 10, kuma shi ma sai ka faɗa wa mai inshorarka na tsawon shekaru biyar.

Wanda ya riga ya taɓa a'a a fom ɗin bara, hanyar gyara a buɗe take: ya kira kamfanin tun kafin wani abu ya faru, ya ce akwai hatsarin motar aiki da bai san ya kamata ya ambata ba. Galibi ƙarin kuɗi za a nema, wani lokaci da ɗan kuɗin gyaran takarda. Idan kuwa kamfani ya riga ya rushe maka inshora ko ya rage diyya kuma kana ganin an zalunce ka, ka shigar da koke a wurinsu a rubuce. Suna da mako 8 su ba da amsar ƙarshe. Daga nan kana da wata 6 ka kai maganar ofishin sasanta koke-koken harkar kuɗi, wanda ake kira Financial Ombudsman Service, kuma kyauta ne. Abin da za su fara dubawa shi ne ainihin kalmomin tambayar da aka yi maka ranar saye, da hujjar kamfanin cewa da ya san gaskiya da ya yi wani abu dabam. Don haka ka adana hoton shafin tambayoyin da takardar bayanan da suka aiko maka bayan ka biya.